"MASANA SUN CE": SU WA KE NAN? TARKEN YADDA MUKE RUBUTA TARIHIN DAURA

Kwanakin baya wani matashi daga cikin masu sha'awar rubutu ya kawo mini wani aiki nasa, shafi tamanin da 'yan kai, a kan tarihin Daura tun daga zamanin Magajiyoyi har zuwa yau. Ya ce in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Na karɓa da murna, don ba kullum ake samun yaro ya ajiye labarin soyayya ya fuskanci tarihin garinsu ba. Hausarsa garau take, jimlolinsa a tsaye, ya kuma iya riƙe mai karatu. Amma tun ban wuce shafi na goma ba na ɗauki jan biro na shiga ƙirga wata magana da ke ta dawowa: "masana sun ce". Kafin in kai ƙarshe na ƙirga ta sau talatin da ɗaya. Ko sau ɗaya bai gaya mini su wane ne masanan nan ba, balle littafin da suka yi maganar a ciki, balle shafi.

Ba don in ci fuskar yaron nan na kawo zancen a wannan fili ba, shi ya sa ma na ɓoye sunansa, kuma da saninsa nake rubutun. Cutar ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda ya saba karanta ƙananan littattafan tarihin garuruwa da ake sayarwa a bakin tasha, da maƙalun da ake gabatarwa a wajen bikin naɗin sarauta, har da wasu kundayen neman digiri, ya san "masana sun ce" da 'yan'uwanta: "tarihi ya nuna", "bincike ya tabbatar", "an ruwaito cewa". Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Na zaɓi in tsaya a kan Daura ne domin babu labarin da aka fi yi wa wannan riƙon sakainar kashi kamar labarin Bayajida. Kowa ya san shi tun yana firamare. Ɗan sarkin Bagadaza ya baro gida, ya zauna Barno, ya gudo da matarsa ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan tsohuwa Ayyana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai. Da yake kowa ya san shi, sai marubuci ya ga kamar ba ya bukatar ya faɗi inda ya samo shi. To a nan kuskuren ya fara, domin labarin ba ɗaya ba ne, kuma bai zo mana ta hanya ɗaya ba.

Mu ɗauki Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya yi maganar asalin ƙasashen Hausa, ya kuma ambaci Bawo. Amma Bawon da ke cikin littafinsa bawan sarkin Barno ne, kuma ya ware Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne, asalinsu daga Ƙibɗawa. Babu ɗan sarkin Bagadaza a wurin, babu maciji. Abin da ya fi burge ni shi ne Bello bai ce "masana sun ce" ba. Ya faɗi sunan wanda ya ba shi labarin, wato Muhammadu Baƙiri na Agadas. Saboda wannan ambato guda ɗaya, yau bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya manazarci zai iya zama ya yi tunani: mutumin Asbin ne ya faɗa, shugaban jihadi ne ya rubuta, a lokacin da ake takun saƙa da Barno, kuma ba a daɗe da kawar da sarakunan Haɓe ba. Ko mutum ya yarda da ruwayar ko ya ƙi ta, an dai ba shi abin da zai auna ta da shi.

Labarin kamar yadda muka fi saninsa, da Bagadaza da Kusugu da sauransu, ya shiga ɗab'i ne a zamanin Turawa. E. J. Arnett ya fitar da fassarar wata ruwaya a 1910, sannan H. R. Palmer, wanda ya yi aikin mulki a Katsina kafin daga baya ya zama Laftanar Gwamnan Arewa, ya kawo Girgam na Daura a juzu'i na uku na littafinsa Sudanese Memoirs da aka buga a Legas a 1928. Palmer ya yi ƙoƙari wajen tara takardu, wannan ba a musu. Amma mutum ne mai son jingina duk wani abin kirki na ƙasar baƙar fata ga baƙin da suka zo daga gabas ko arewa, kuma yakan haɗa sunaye biyu don kawai sun yi kama a kunne. A irin wannan haɗi ne aka danganta Bayajida da Abu Yazid, ɗan tawayen Barbar da ya yaƙi daular Faɗimiyya a Arewacin Afirka ya mutu a 947. W. K. R. Hallam ya faɗaɗa zancen a wata maƙala da ya buga a Journal of African History a 1966. Shekara huɗu bayan haka, a 1970, Abdullahi Smith ya fito a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya ya nuna cewa ba za a ɗora asalin al'ummar Hausawa da kafuwar daulolinsu a kan zuwan wani baƙo guda ba, ya ce a nemi bayanin a cikin ƙasar kanta, yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni.

To, ya kai ɗan'uwa marubuci, ga mutum biyar. Ɗaya ya ce bawan Barno, biyu sun fassara ruwayar da ta ce ɗan sarkin Bagadaza, ɗaya ya karkata ga Arewacin Afirka, ɗaya ya ce a bar neman baƙo gaba ɗaya. In ka rubuta "masana sun ce Bayajida shi ne Abu Yazid", wanne daga cikinsu ka ba amana, wanne ka ci amanarsa? Yaron nan namu ya rubuta wannan jimla a shafi na bakwai, ya kuma rubuta a shafi na sha biyu cewa "masana sun tabbatar" Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne. Bai ga karo tsakanin maganganun biyu ba, domin a wajensa masana wata halitta ce guda mai baki ɗaya. Da ya tilasta wa kansa sa suna da shekara a gaban kowace magana, da shi da kansa ya gano cewa yana ɗinka riga ne da ƙyalle biyu masu saɓanin launi. Wannan ita ce fa'idar farko ta ambaton madogara, kuma marubucin take fara yi wa amfani tun kafin mai karatu.

Sai maganar shekaru, wadda ta fi ba ni haushi. A cikin aikin an rubuta shekarar da Bayajida ya shigo Daura cif-cif, kamar an ga takardar hatimi. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce ai Bagauda ya fara sarautar Kano a 999, shi kuwa jikan Bayajida ne, don haka ya ɗebe shekarun uba da kaka. Lissafin bai yi muni ba, amma ita 999 ɗin daga ina? Littafin Tarihin Kano na Larabci tsawon mulkin sarakuna yake bayarwa, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi wata kaza. Palmer ne, da ya fassara shi a 1908, ya bi waɗannan adadi ya ƙirgo baya har ya sauka a kan 999 zuwa 1063 ga Bagauda. Ke nan yaronmu ya gina lissafinsa a kan lissafin wani, shi kuma wancan ya gina nasa a kan adadin da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru. Ba laifi ba ne mutum ya yi hasashe. Laifin shi ne ya ɓoye wa mai karatu cewa hasashe ne. Da ya ce "in muka bi lissafin Palmer, a ganina abin zai kama wajen lokaci kaza", da babu mai ce masa uffan. Amma yanzu in littafin ya fita, wani ɗalibi zai kwashi shekarar nan ya sa a kundinsa, wani mai jawabi ya karanta ta a bainar jama'a ranar Sallar Gani, shekara goma nan gaba ta zama "tarihi ya nuna".

Haka ƙarya ke yin jijiya a fagen ilimi ba tare da kowa ya yi niyyar yin ta ba. Littafi goma suka faɗi magana ɗaya, sai mu ce shaidu goma ne, alhali in aka bi sawu duk daga shafi ɗaya na Palmer suka sha. Guga goma daga rijiya ɗaya ai ruwa ɗaya ne. Ba kuwa yadda za a bi sawun sai in kowane marubuci ya bar alamar inda ya taka.

Akwai wani wuri guda da ya yi ƙoƙarin ambaton suna, ya ce "kamar yadda Smith ya faɗa". Na yi dariya, na ce masa wane Smith? A fagen nazarin ƙasar Hausa akwai Abdullahi Smith, malamin tarihi da ya kafa Gidan Arewa a Kaduna ya rasu a 1984. Akwai M. G. Smith, mutumin Jamaika, masanin zamantakewar al'umma, wanda ya rubuta The Affairs of Daura da aka buga a 1978, littafin da ba a isa a yi maganar sarautar Daura da Zango da Ɓaure a tsallake shi ba. Akwai kuma matarsa Mary Smith da ta rubuta labarin Baba ta Karo a 1954. Uku ke nan, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. Da na matsa, sai ya amsa cewa shi bai taɓa riƙe littafin ko ɗaya daga cikinsu ba, a kundin wani ya ga sunan. To wannan ma wata illa ce mai zaman kanta. In ba ka ga littafi da idonka ba, faɗi gaskiya: wane ya ce, kamar yadda wane ya ruwaito a wuri kaza. Ba abin kunya ba ne, littattafan nan wuyar samu gare su, ba kowa ke da kuɗin motar zuwa Zariya ko Kaduna ba. Abin kunyar shi ne ka jera sunayen littattafai ashirin a bayan aikinka don ado, alhali uku ka karanta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Inda aikin yaron nan ya fi daraja shi ne hirarrakin da ya yi da dattawa, kuma nan ne ya fi yin asara. Ya zauna da tsofaffi a cikin birni da Zango da wasu ƙauyuka, ya samo bayanai kan sarautun mata da ladubban fada waɗanda ni kaina ban taɓa cin karo da su a rubuce ba. Amma duk ya zuba su a tukunya ɗaya ya rufe da "dattawa sun shaida mini". Wanda ya san tarihin Daura ya san wannan bai wadatar ba. Wajen 1805 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓe birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, magadansa suka kafu a Zango da Ɓaure, aka yi kusan shekara ɗari ana zaman gida uku, har Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango a farkon ƙarni na 20. Kowane gida da yadda yake tuna wancan zamani, kuma haka ɗan Adam yake. Saboda haka in dattijo ya gaya maka yadda aka yi wani yaƙi, mai karatu yana da hakkin ya san daga wane ɓangare yake, mene ne matsayinsa a fada ko a unguwa, shekarunsa nawa, a ina kuka zauna, ran nawa ga wata. Uwa uba, ka tambaye shi daga bakin wa ya ji. Na sha ganin mai bincike ya yi murna ya sami "tsantsar ruwayar baka", ashe tsohon a littafin makarantar elemantare ya karanta ta shekara sittin da suka wuce, littafin kuwa daga fassarar Turawa aka tsamo shi. Tambaya ɗaya da ta warware wannan. Idan kuma dattijon ya ce kada a sa sunansa, sai a mutunta shi, a bayyana irin matsayinsa kawai, a ce ya nemi a sakaya shi.

Takardun Ajami da na Larabci ma haka. Bai isa a ce "wani tsohon kundi" ba. A hannun wa yake, ko a wane ɗakin ajiya, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ne ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina? Ganye nawa ne? Wa ya kwafe shi? Malamanmu na zaure sukan rufe kwafi da sunansu da na wanda suka rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata. Su da suke rubutu da alƙalamin kara a gindin aci-balbal ba su yi ƙyashin wannan ba.

Wannan ya kawo ni ga uzurin da na fi ji daga bakin 'yan'uwa, cewa wai duk wannan ƙa'idar Turawa ce, ta 'yan jami'a, mu marubutan Hausa ba ruwanmu. Ban san maganar da ta fi wannan rashin tushe ba. Yaron da ya zauna gaban malami ya karanta hadisi ya san isnadi, wane daga wane daga wane, ya san kuma akan raunana magana saboda mutum ɗaya da ba a sani ba a cikin silsila. Shehu Usmanu ya rubuta Asanidul Faƙir don ya bayyana hanyoyin da karatu ya iso gare shi. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, littafi sukutum a kan malaman da ya ɗauki ilimi a wajensu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. In akwai baƙon abu a cikinmu, to "masana sun ce" ce baƙuwa. Abin da jami'a ta ƙara shi ne tsari kawai, a sa sunan marubuci da shekarar bugu da lambar shafi a jikin magana, a kawo cikakken bayani a ƙarshen aiki: sunan littafi, garin da aka buga, maɗaba'a. Wasu sassan sun fi son a sa a gindin shafi. Duk wanda ka ɗauka ka riƙe shi daga farko har ƙarshe, kada ka yi rabi da wannan rabi da wancan. Shekarar bugu kuwa ba ado ba ce, domin littafi yakan sake fitowa da sabon jerin shafuka, wanda ya bi lambarka a bugun da ba shi ba sai ya ɗauka ƙarya ka yi.

Uzuri na biyu ya fi wayo. Sukan ce ai Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, bai kuwa sa lambar shafi ba. Gaskiya ne. Amma Magana Jari Ce hikaya ce, wanda ya buɗe ta ya san aku ba ya zama waziri, kuma ba wanda zai kafa hujja da ita a kan shekarar da aka yi wani sarki. Ban da haka Imam bai ɓoye ba, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa Rupert East ya tara masa littattafai a Zariya ya karanta kafin ya fara, kamar yadda ya amsa cewa Muƙamatul Hariri ta yi tasiri a Ruwan Bagaja. Mai ƙagaggen labari da ya ga dama ya ɗauki Daurama ya yi mata ƙawa, ya sa wa Bagwariya kalaman kishi, ya ba macijin Kusugu murya, ba mai tambayarsa madogara, sai dai mu tambaye shi ko labarin ya yi daɗi. Amma ranar da ka rubuta "Tarihi" ko "Nazari" a bangon littafinka, ka yi wa mai karatu alkawarin cewa abin da ke ciki ana iya bin sawunsa.

Akwai abu ɗaya da ban so in faɗa ba, amma dole. A babi na huɗu na tarar da sakin layi uku da salonsu ya bambanta da na sauran aikin, Hausar ta yi tauri, jimlolin sun miƙe irin na fassara. Na gane daga inda suka fito. Da na nuna masa sai ya ce ai shi ya fassara da kansa daga Turanci, don haka nasa ne. A'a. Wahalar fassara taka ce, tunanin na mai shi ne, kuma juya shi zuwa Hausa bai sauya mai shi ba. In ka ɗauko kalmomin mutum yadda suke, ka sa su a tsakanin alamun zance ka faɗi shafi. In ka sarrafa su da bakinka, ba alamun zance, amma suna da shafi suna nan daram. In fassara ka yi, ka ƙara da cewa fassarar taka ce, don in an sami kuskure a san wuyan wanda za a kama. Barin wannan shi ake kira satar fasaha, ko da mutum bai nufa ba, kuma yanzu da kowa ke iya kwafo shafi guda daga intanet da ɗan yatsa, gano ta ma ya zama da ɗan yatsa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda wata kwaleji a Daura ke ɗauke da sunansa, ya yi suna wajen tsananta wa ɗalibai kan tantance madogara, wa ya faɗa, yaushe, don me. Wanda ya duba littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina zai ga yadda ya bi da mutanen da ya yi hira da su da takardun da ya duba. Bai kamata a garin da aka rataya sunansa a ƙofar makaranta a riƙa fitar da tarihi marar isnadi ba.

Na mayar wa yaron aikinsa da jan biro ya cika gefe. Na ce ya koma kan wuraren nan talatin da ɗaya, kowanne ya yi masa ɗayan uku: ko ya nemo suna da shekara da shafi, ko ya mayar da shi "a ganina" ya ɗauki nauyin maganar da kansa, ko ya goge. Ya ɓata rai, ya ce littafin zai rage kauri. Bayan mako shida ya dawo. Goma sha huɗu ya samo musu iyaye, shida ya amsa cewa nasa ne, sha ɗaya ya share, ciki har da shekarar shigowar Bayajida. Ya kuma koma Zango da littafin rubutu don ya sake zama da dattawan nan ya ɗauki abin da ya bari a karon farko, sai ya tarar ɗaya daga cikinsu, wanda ya ba shi bayanin sarautun mata, ya riga mu gidan gaskiya tun da damina. Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa sun ba da sunansa da shekarunsa, amma ba wanda ya iya faɗin daga bakin wa tsohon ya ji.